Muryar da Na Ce Ta Na'ura Ce

Ko da tsufa zai kwashe min komai daga kai, ba zan taɓa mantawa da wata ranar Asabar ba, ranar da na tsaya gaban iyayen yara da malamai da kusan rabin unguwarmu a Birnin Gwari, sanye da kwat ɗin aro, gumi yana bin bayana har cikin takalmi. Har yau in na tuna sai in ji kunnuwana sun ɗauki zafi. Amma bari in faro muku daga tushe, don ku san ba wanda ya ture ni, ni na taka da ƙafata na faɗa.

Ina da ɗan shago kusa da tasha, inda nake buga wa mutane takardu, in yi fotokofi, in cike wa yara fom ɗin jarrabawa. In kwamfutar wani ta ƙi tashi, ni ake kawo wa (yawanci kashe ta nake yi in sake kunnawa, amma sai na ɗan ɓata fuska tukuna, in ce a dawo bayan la'asar). Karatun kwamfutar da na yi duka-duka wata shida ne a Kaduna, biyu daga ciki ma zazzaɓi ne ya cinye su. Duk da haka a layinmu ni ne gwani, tun da babu wani.

To, kun dai tuna lokacin da aka yanke mana sabis ɗin waya gaba ɗaya saboda sha'anin tsaro. Kasuwata ta mutu murus. Mai son aika saƙo sai ya ba direba takarda, kamar zamanin kakanninmu. Da na gaji da korar ƙuda a shago, sai na ce bari in leƙa Kaduna in sayo tawada da takarda, in kuma duba ko akwai wata sana'ar da ba ruwanta da sabis. Wanda ya san hanyar nan ya san abin da nake nufi. Ka yi sallama da iyali kamar mai tafiya aikin hajji, ku jira ayarin motoci ya cika, in an shiga daji kowa ya yi tsit, ba ka ganin komai sai leɓɓa suna motsi.

A Kaduna, a shagon wani tsohon abokin karatuna, na ci karo da abin. Manhaja ce ta koya wa yara karatu da lissafi, wadda ba ta neman intanet ko kaɗan. Abin da ya fi ɗaure min kai shi ne da Hausa take magana. Ka danna harafi, sai wata muryar mace, a natse, ta ce, "Wannan shi ne ba. Maimaita." In yaro ya ci, ta ce, "Madalla, ka yi ƙoƙari." In ya faɗi, ta ce, "Ba komai, sake gwadawa." Na tambayi abokina nawa ake sayar da ita. Ya ce kyauta ce, irin manhajar nan ce da mutane daga ƙasashe daban-daban suke haɗa hannu su gina, su bar ta a buɗe, kowa ya ɗauka, ya kwafa, ya gyara, ya ba wani. Ya ci gaba da wani dogon bayani a kan sharuɗɗanta, amma ni tun da ya ce "kyauta" kunnena ya rufe shago. Na sa ta a filashi, na cusa filashin cikin safa, na kamo hanyar gida.

Da na dawo na zauna a kanta, sai na ga ashe da gaske a buɗe take. Hoton farko da yake fitowa in an kunna, hoto ne kawai ajiye a wani gefe, ka cire ka sa naka. Na cire na sa nawa, wanda na ɗauka na riƙe haɓa ina kallon nesa kamar mai tunanin makomar ƙasa. Akwai wani shafi mai dogon turanci, na goge. Akwai wani kuma mai jerin sunayen waɗanda suka yi aikin, sunaye rututu har sai ka yi ta gangarawa. Ban karanta ko ɗaya ba, na goge su duka da dannawa ɗaya, na rubuta sunana da manyan baƙaƙe. Sannan na raɗa mata sunan 'yata ta fari, ta koma "Ummi Mai Karatu". Wallahi a lokacin ko ɗar ban ji ba, sai ma wani daɗi irin na wanda ya share ɗaki.

Ƙaryar ta ainihi kuwa a tsakar gidana aka haife ta. Wata safiya ina gwada manhajar a kan tabarma, matata Hadiza tana wanke-wanke, sai ta juyo.

"Baban Ummi, wai wace ce wannan mai yi maka madalla tun ɗazu?"

Da na ce mata ban sani ba, da magana ta ƙare a nan. Amma namiji da son a yaba masa. Na gyara zama na ce, "Ba mutum ba ce. Na'ura ce. Ni na koya mata magana."

Hadiza ta ajiye kwano, ta zo ta tsuguna, ta saurara. Ta dube ni da wani irin kallo da rabona da ganinsa tun muna sabbin aure. "Kai ka koya mata? Har da Hausa?" Na ce har da Hausa. Kafin azahar matan layinmu duka sun ji. Kafin Juma'a ta zagayo, mai shayin bakin tasha ya fara ce min Injiniya, yana ƙara min madara ba tare da na roƙa ba.

Na fara kai manhajar makarantun kuɗi na cikin gari, suna saya. Don kada wata makaranta ta kwafa ta ba wata, sai na ƙirƙiro wata ƙaryar a kan ta farko: na ce na ɗaure ta da wani makulli, duk wanda ya kwafa ba da izinina ba kwamfutarsa za ta ƙone ƙurmus. (Babu wani makulli. Ni kaina ban san yadda ake yinsa ba.) Akwai wani malami da ya zo a kan babur daga wani ƙauye can wajen Gwaska, da tsohuwar laftof a cikin buhu, ya ce makarantarsu ba ta da halin saye, ko zan taimaka in sa masa. Na ce masa ai makullin ba ya buɗuwa sai an biya. Ya yi godiya, ya mayar da laftof ɗinsa cikin buhu, ya tafi. Wannan kam ta tsaya min a rai, ranar ko abincin rana ban ci da daɗi ba. Amma na lallashi kaina. Na ce wa ya bi hanyar Kaduna da ransa a hannu? Ni. Wa yake yawo cikin rana yana sa wa mutane, yana koya wa malamai yadda ake kunnawa? Ni. To don me ba zan ci gumina ba? Da haka na danne abin, na ci na dare.

Sai ga Malam Yakubu ya shigo cikin maganar. Malam Yakubu shi ne hedimastanmu a firamare, dogo ne siriri, har yau da tsufansa in ya yi gyaran murya sai na duba ko rigata a soke take. Bayan ya yi ritaya ya buɗe 'yar makarantarsa a bayan kasuwa. Shekara shida na yi a hannunsa, kuma a shekara shidan nan ban taɓa jin ya ambaci sunana da alheri ba. Ni ne mai makara, ni ne mai surutu, ni ne wanda ake karanta sakamakonsa daga ƙarshe bayan mutane sun fara tashi. To wannan mutumin ne ya tako da sandarsa har shagona, ya zauna a kan benci, ya saurari manhajar daga farko har ƙarshen darasi na uku. Da ta gama ya cire tabarau ya goge.

"Kai ka yi wannan?"

"Ni ne, Malam."

Ya daɗe yana kallona. Sannan ya ce, "Ashe ban yi asarar bulalata ba. Allah ya yi maka albarka."

Ku yarda da ni, duk abin da makarantun nan suka biya ni bai kai wannan kalma ɗaya ba. Shekara ashirin da wani abu ina jiran ta ban sani ba. Daga ranar ba kasuwa nake karewa ba, wannan kallon da Malam ya yi min nake karewa, kuma na san ranar da gaskiya ta fito shi zan fara rasawa.

Malam ya saya wa makarantarsa. Da ƙarshen zango ya zo, ya aiko min da katin gayyata na bikin yaye ɗalibai (ni na buga katin ma, ni na rubuta "Babban Baƙo Mai Jawabi" a gaban sunana, na ƙara masa girma kaɗan). Ya ce yana so in nuna wa iyaye abin a majigi, su ga cewa ɗan garin nan ma yana iyawa. Na aro kwat wurin ƙanin Hadiza, wanda ya fi ni gajarta, hannun ya tsaya min can sama da agogo. Hadiza ta ce ba wanda zai lura, ta yi lalle, ta gayyato ƙawayenta.

Zauren taron ajujuwa biyu ne aka cire katakon tsakaninsu, aka toshe tagogi da zannuwa don majigi ya fito. Na je da wuri ina haɗa wayoyi, sai wata malama ta zo taya ni jan tebur. Matashiya ce, ba ta da yawan magana, an ce min sabuwa ce, makon nan ta fara aiki bayan ta gama karatu a Zariya, sunanta Malama Rifkatu, 'yar wani ƙauye ce ta wajen Kutemeshi.

"Sannu da aiki, Injiniya," ta ce.

Na ɗago. Muryar ta yi min kama da wadda na sani, sani ma ba na wasa ba, amma na rasa inda na san ta. Na ce a raina wataƙila ta taɓa zuwa fotokofi.

"Na ga manhajar a ɗakin kwamfuta," ta ce. "Kai kaɗai ka yi duk wannan aikin?"

Jama'a, ƙofa ce baiwar Allah ta buɗe min, har ta riƙe min ita. Ni kuwa na gyara wuyan kwat na ce, "Ni kaɗai, Malama. Ba ƙaramin wahala na sha ba."

Ta sake tambaya, "Har da muryar?"

"Muryar ai ita ta fi ba ni wuya."

Ta sunkuyar da kai, na ga kafaɗunta suna ɗan motsi. Ta ce, "Madalla, ka yi ƙoƙari." Ta ƙara da cewa in an tashi tana son magana da ni, ta wuce. Ko a nan ban farga ba! Kalmomin da na ji sau ɗari a shago, da muryar da na ji su, a gabana, amma ni abin da ya zo min shi ne yarinyar nan tana da ladabi.

Zaure ya cika maƙil. Yara a gaba a kan tabarmi, iyaye a kujerun roba, waɗanda ba su sami wuri ba suna ɗaga zannuwan taga suna leƙe. Aka yi addu'a ta Musulmi, aka yi ta Kirista, yara suka yi wasan kwaikwayo, aka raba kyaututtuka. Sannan Malam Yakubu ya miƙe ya karɓi lasifika. Ya ba da tarihina kaf, har da ranar da ya kama ni a kan bishiyar mangwaron makaranta. Aka yi dariya. Ya ce, "Wannan yaro da kuke gani, ni na ce ba zai yi komai ba. Yau na tsaya a gabanku in janye maganata." Aka yi tafi, na hango Hadiza tana share ido da gefen mayafi.

Na tashi na kunna majigi. Hotona ya cika bango, da haɓa a hannu. Na yi bayani, na zuba turanci inda ya samu, na ce "fasaha" ya fi sau goma. Sai na zo wurin da na fi so. Na ce, "Yanzu za ku ji murya. Wannan murya ba ta mutum ba ce. Babu wata mace a duniya mai wannan murya. Na'ura ce, ni na zauna na koya mata harafi bayan harafi."

Na danna. Lasifika ta ɗauka, zaure ya cika da ita: "Wannan shi ne ba. Maimaita." Yara suka amsa baki ɗaya. Na danna darasi na gaba. A wannan darasin akwai wurin da ake jin kukan akuya can daga nesa a bayan muryar, wanda na daɗe ina gaya wa masu saye cewa ni na sa shi don yara su ji kamar suna gida. Akuya ta yi kukanta, na buɗe baki zan yi wannan bayanin.

"A'a! Wannan ai Rifkatu ce!"

Wata tsohuwa ce a layin gaba na iyaye, da jikanta a cinya, ta ɗaura ɗankwali mai ruwan goro. Ta sauke yaron, ta miƙe tsaye, tana nuna lasifika da hannu, fuskarta cike da murna.

Na yi murmushin ƙarfin hali na ce, "Mama, kama ce kawai. Na'ura ce."

"Wace na'ura? Ni na haife ta, ɗana! A ɗakina ta yi wannan, lokacin da ta zo hutu. Kwana uku ta hana mu daka, ta ce turmi yana shiga cikin waya. Har gero muka kai maƙwabta." Ta juya wajen jama'a. "Akuyar nan ma tawa ce. Ita ce mai farin goshi, wadda muka sayar da Kirsimeti. Rifkatu! Ina kike? Zo ki ji ki a bango!"

Ban san ko kun taɓa jin shirun mutum ɗari uku ba. Janareto kaɗai ake ji a waje. Ni kuma a ruɗe hannuna ya sake taɓa kwamfutar, sai muryar ta fito tas, a natse, ta cika zauren: "Ba komai, sake gwadawa."

Wani daga taga ne ya fara fashewa da dariya. Daga nan zaure ya ɗauka. Mata suna riƙe ciki, maza suna buga ƙafa, yaran da ba su san abin da ake ciki ba su ma suna ta ƙyalƙyala. Na nemi Hadiza da ido, na ga ta ja mayafi ta rufe fuska gaba ɗaya, ƙawayenta suna dafa ta. Ban da ita, mutum biyu ne kawai ba sa dariya, ni da Malam Yakubu. Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na shige na ja ta na rufe.

Malam ya yi gyaran murya, zaure ya mutu nan take. Bai dube ni ba.

"Malama Rifkatu, zo nan. Muryarki ce?"

Ta fito daga bayan yara, ita ma kunya ta kama ta kamar ita ta yi laifin. "Tawa ce, Malam. Muna makaranta aka nemi masu sa kai su sa Hausa a ciki, na shiga. Na so in yi masa magana a gefe in an tashi, Mama ce ta riga ni."

"To, sata ya yi ke nan? Ya sayar mana da abin da ba a sayarwa?"

A nan ne baiwar Allah ta ba ni mamaki. Ta ce, "A'a Malam, sayarwar ba laifi ba ce. Waɗanda suka yi ta sun yarda a sayar. Mutum ya je ya ɗauko, ya sa muku, ya koya muku, in ta lalace ya gyara, ai dole a biya shi, ko nawa kuka daidaita. Abu biyu kawai suka roƙa. Kada a cire sunayen waɗanda suka yi aikin, kuma duk wanda aka ba shi, a gaya masa cewa shi ma yana da ikon ya kwafa ya ba wani. An rubuta a ciki ma."

"A ina aka rubuta?" in ji Malam.

Ta dube ni. Na dubi takalmina. Na ce, "Na goge, Malam."

"Makullin da yake ƙona kwamfuta fa?" Wannan wani mai makaranta ne ya tambaya daga baya, wanda ya saya a hannuna, ya kuma hana malamansa ko taɓa filashi kusa da ita.

Na ce, "Babu shi, Alhaji."

Malam ya tambayi Rifkatu ko tana da sunayen. Ta ce tana da ta asalin a wayarta. Ta buɗe shafin ta miƙa masa, shi kuma ya miƙo min, tare da lasifika.

"Ka san yadda ake kiran rijista da safe?"

"Na sani, Malam."

"To kira. Duka. Kada ka tsallake ko ɗaya. Tun da ka kore su daga aji, kai za ka dawo da su."

Haka na tsaya, magidanci mai 'ya'ya uku, cikin kwat mai guntun hannu, na fara kiran sunayen mutanen da ban taɓa gani ba. Na farko wani ne Pedro. Na kira shi da murya kamar ta mara lafiya. Sai wata 'yar aji ɗaya a kan tabarma, wadda ta ji an ce rijista, ta ɗaga hannu ta amsa da turancin da suka saba amsawa da safe, "Firazan sa!" Shi ke nan, sauran suka ɗauka. Na kira wata Wanjiru, yara suka amsa, "Firazan sa!" Na kira wani Hiroshi, "Firazan sa!" Na zo kan wani suna mai baƙaƙe bakwai a jere ba wasali ko ɗaya, na yi ta fama da shi kamar mai tauna ƙashi, Malam ya ce, "Sake." Na sake. Iyaye ma suka shiga amsawa, har da na taga. Sunaye sun fi arba'in, kuma kowanne da abin da ya yi a gabansa: wannan ya zana hotuna, wannan ya gyara lissafi, wannan ya fassara zuwa yarensu. Tun ina jin kunya kawai, har na fara jin wani abu daban, don ban taɓa tsayawa na yi tunanin cewa kowane layi a nan mutum ne da ya bar aikinsa ya zauna ya yi wa yaran da bai sani ba.

Can kusa da ƙarshe na gan shi. Sunan Rifkatu cikakke, a gabansa an rubuta muryar Hausa, sannan Birnin Gwari, Najeriya. Sunan garinmu ne ɓaro-ɓaro a cikin abin da na goge. Da na karanta shafin nan sau ɗaya tak a shagona, da duk wannan bai same ni ba.

Na kira. Yara suka yi shiru suna kallonta. Ta ɗaga hannu kaɗan ta ce, "Firazan sa."

Zaure ya ɓarke da tafi, Mama ta rangaɗa guɗa, ta zo ta rungume 'yarta, sannan (don Allah ku ji) ta juyo ta dafa kafaɗata ta ce, "Sannu ɗana, ka iya kiran suna." Har yau ban san ko yabo ba ne.

Da aka watse na tsaya naɗe wayoyi, ina ta jan aikin don kada in fita in haɗu da mutane. Hadiza ta riga ta wuce gida, kuma abin da na tarar a can labari ne na wata rana. Ina cikin naɗi na ji ƙarar sanda a bayana. Na ce yau kam bulalar da ta rage za a cike min.

Malam ya zauna a kan kujerar roba, ya ɗora hannu biyu a kan sandarsa.

"Ta wace hanya ka kawo abin nan daga Kaduna?"

"Ta hanyar daji, Malam. A cikin safa."

Ya girgiza kai. "Ka bi hanyar nan, a wancan lokacin, ka ɗauko wa yaran garin nan abin karatu. Da haka ka gaya min, kai a ganinka ba zan tsaya gaban mutane in yi alfahari da kai ba? Ai wannan ma ya isa. Wanda ka yi da gaske ka raina, ka je ka ɗauko wanda ba ka yi ba."

Wannan ta fi dariyar mutum ɗari uku zafi.

Ya miƙe da ƙyar. A bakin ƙofa ya tsaya, bai juyo ba. "Litinin ka zo ka mayar da sunayen. Albarkar da na sa maka ban janye ba, amma Injiniyan na janye."

Na mayar da sunayen, a makarantarsa da duk inda na taɓa kaiwa, na kuma bi masu makarantu ɗaya bayan ɗaya na gaya musu su kwafa su ba wanda suka ga dama. Malamin nan na ƙauye ma na aika masa da filashi ta hannun direba, da takardar ban haƙuri. Abin mamaki, kasuwar ba ta mutu ba. Ashe mutane ko an ba su kyauta sai sun nemi mai sa musu da mai gyara musu, kuma yanzu in na faɗi kuɗin aikina ina iya kallon mutum a ido. Sai dai har gobe in na bi ta bayan kasuwa lokacin tashin makaranta, sai na ji wani ɗan ƙaramin baki daga bayan katanga ya ce, "Firazan sa!" Ni ma ɗaga hannu nake yi in wuce.

Darasin da na koya ba mai tsawo ba ne. Abin da aka ba ka kyauta, ka sayar da wahalar da ka sha a kansa, ba wanda zai ce don me. Amma kafin ka goge sunan mutum ka sa naka, daure ka karanta sunan tukuna. Wataƙila 'yar garinku ce, kuma wataƙila uwarta tana zaune a layin gaba, ta san muryar 'yarta, ta kuma san ta akuyarta.